Motar da Ta Ƙoshi da Iska

Wanda zai yarda shi yarda, wanda ba zai yarda ba shi matsa can shi ba masu hankali wuri. Ni dai da idona na ga mota ta ka da ɗan kokowa. Ba kaɗe shi ta yi ba, ba taka shi ta yi ba, hasali ma injinta a mace yake lokacin da ta yi wannan aika-aika. In wata rana na manta sunan uwargidata, to ku ce tsufa ne. Amma wanga abu, ko kwance nike ana ɗiga mini ruwa a baki, in wani ya raɗa mini "bashe" a kunne, sai na yi dariya kafin in cika.

Ba zan kama sunan kowa ba, kuma ba don kirki ba. Ɗiyan ɗan kokowar nan duk sun girma, kowanne wuyansa ya kai turmi, kuma kasuwar da nike ci ita suke ci.

Zamanin mulkin soja ne, babban fari ya wuce, gero ya fara komawa rumbu, mutane sun fara tuna yadda ake dariya. Ƙauyenmu na can arewa da Galma, cikin duwatsu, inda in ka jefar da takalmi sai ya gangara ya riga ka isa rijiya. Abu biyu muke taƙama da su a lokacin. Na farko ɗan kokowarmu, wanda zan riƙa ce wa zakara. Ƙato ne, in ya hau jaki sai jakin ya waiwayo ya dube shi da idon neman sulhu. Daga kasuwannin Buza har na Kaita babu wanda bai shafa wa ƙasa a baya ba. A kakar bana ɗin sai anka yi shela za a taru Madawa a zaɓi waɗanda za su Tawa, daga Tawa kuwa sai neman takobi. Sharaɗin mai sauƙi ne: bayan la'asar za a fara, wanda anka kira ba shi nan an shafe shi, wanda ya sha kaye ɗaya ya koma gida. Tun da anka kafa ƙauyenmu ba mu taɓa samun wanda ya taka fagen Tawa ba, kuma zakara shekaru sun fara kama mishi gwiwa. Kowa ya san in bana ta wuce, shi ke nan.

Abu na biyu shi ne bashen taubashina, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake lulluɓewa da tamfol. Taubashin nawa ɗan gwaggota ne, ya yi ci-rani Abija ya komo da tsohuwar bashe, da baƙin tabarau, da wani kwali da ya hana kowa taɓawa. Bashen ba ta da laifi sai ɗaya: shan isansi take awa raƙumin da ya fito daga Azawak ya tarar da kwarmin ruwa. Da maigari ya ce shi zai kai zakara Madawa, sai taubashi ya ce to lokacin buɗe kwali ya yi.

Ana gobe tafiya, da hantsi, ƙarƙashin gawon bakin gari, ya buɗe shi gaban jama'a. Ya fito da wani abu zagayayye mai walƙiya, kamar rariyar tankaɗe da anka ɗora wa hular ƙarfe. Ya kuma jawo wani bututu fari fat, mai faɗin da ɗan akuya zai shiga ya juya ya fito.

Na ce, "Taubashi, minene wanga? Rariyar gwaggo kas sato kas sa anka goge ta?"

Ya ce, "Kai dai baƙauye za ka mutu. Wagga hiltar iska ta, irin ta motocin tsere. Bari in tambaye ka, in kas sha hura kaƙ ƙoshi, tuwo nawa kaka ci?"

"Ni? Duk wanda anka aje."

"Ban da irinka, mutane nika nuhi. Kaɗan suka ci. To mota ma ciki guda gare ta. Iska taka sha, isansi taka sha. Waccan tsohuwar hiltar ta toshe mata hanci, shi yas sa taka huce haushinta bisa isansi. In nis sakam mata iska tas sha taƙ ƙoshi, ina isansi za shi samu wurin zama? Iska kau Allah bai ce a saye ta ba."

"To bututun fa?"

"Wanda yac cika ciki da iska, ai sai an buɗe mishi hanyar hita."

Jama'a sunka fashe da dariya, amma wallahi maganar ta shige mu. Har liman sai da ya gyaɗa kai. Ku da kuke dariya yanzu, da kuna ƙarƙashin gawon nan da kun gyaɗa naku, don magana in ta fito daga bakin mai baƙin tabarau wanda ya ga teku, nauyinta daban ne.

Nan take ya kwance tsohuwar filtar, mai kamar tukunya da mai a gindinta, ya miƙa wa gwaggo, ta wanke ta ta mai da ita abin ba kaji ruwa. Ya sa maƙeri ya sare tsohon bututun hayaƙi tare da tukunyar nan da ke danne ƙara, anka ɗaure sabon da waya. Sannan ya shiga, ya gyara tabarau, ya murza makulli.

Jama'a, na ji tsawa, na ji bindigar mahalba, na ji gwaggo tana faɗa da mai awon gero. Ban taɓa jin irin wannan ba. Zabin gari sunka tashi sama gaba ɗaya, wasu ba su sauko ba sai damina. Wata tsohuwa ta saki tulu. Wani dattijo da ya taɓa aikin soja ya fito a guje da rediyonsa a kunne shina ihu, "Kudeta! An koma yin kudeta!" Shi kuwa taubashi fuskarsa sai sheƙi take. Ya sake taka wuta, ta sake yin aman tsawa, ya sake takawa. Daga nan ya hau zagaya gari, wai gwaji yake. Ya bi ta ƙofar maigari, ya bi ta rijiya, ya koma ta rijiya, ya tuna ya manta wani abu ya sake bi ta rijiya. Ba sai na faɗa muku wa ke ɗiban ruwa a rijiyar ba.

Washegari mutanen gari sunka yi sammako bisa jakuna da ƙafa, sunka bi ta yanke don su kama mana wuri a fage. Mu kuwa masu motar tsere mun yi zamanmu har rana ta take. Da taubashi ya zo zuba isansi, sai ya zuba rabin abin da ya saba, ya rufe tanki.

Na ce, "Ba ka ƙarawa?"

Ya ce, "Sauran iska za ta cike."

"To bidon ko-ta-kwana?"

"Bido na masu ƙaramin imani na."

Ashe tun jiya ya ba uwar zakara bidon, ta wanke shi da toka ta cika shi da fura, guzurin ɗanta.

Mu biyar munka hau. Ni da taubashi a gaba, don ni ne na yi lakwal har na iya gaida jandarma da Faransanci. A baya ga zakara zaune bisa tabarma ya sha layu awa itacen tsamiyar bakin kasuwa, ga makaɗinsa da ganga, ga bokansa, wani siririn tsoho mai jajayen idanu, rungume da burgami da gorar ruwan tsari da za a shafe zakara da shi kafin ya shiga fage.

Tafiyar farko kam ta yi daɗi, kada in ci amanarta. Duk garin da munka tunkara sai mu tarar an watse, awaki na bisa katanga, yara na bisa itace. Wani Buzu raƙuminsa ya kwashe shi ya yi gabas, har yau ina jin kamar na ji shi shina yi mana addu'a da Buzanci, amma ba irin wadda ake cewa amin ba. Shi kuwa taubashi ƙafarsa ta manne da ƙasa. In ya ga mutum ɗaya tak a gona, sai ya taka mata wuta don mutumin ya ɗago kai. In munka shiga rairayin ƙorama, sai ya bar ta a ƙaramin giya tana kururuwa, shina kallona shina cewa, "Ka ji? Ka ji yadda taka shan iska?" Ni ban ji ba, leɓensa kawai nike karantawa.

Sai da na daɗe ina zaman otogar daga baya na gane abin da ke faruwa ƙarƙashin kapo a ranar. Ashe a cikin karbirato iska ba kishiyar isansi ba ce, 'yar aikensa ce. Ita ke wucewa ta jawo shi. In ka buɗe mata ƙofa ta shigo da yawa, kai kuma ka danne ƙafa, da yawa za ta jawo. Ita kuwa rariyar Abija an yi ta ne don kwaltar bakin teku. Jar ƙasar Adar da tayoyinmu ke tayarwa ta ratsa ta sumul, ko sallama ba ta yi. Bututun kuma bai rage ko ɗigo ba, aikinsa guda: ya sa wa direba daɗin taka wuta. Amma a ranar wa ya san wannan? Mu dai mun san ciki guda gare ta.

Wajen azahar, mun bar Galma a baya, sai ta fara tari. Ta yi atishawa ta karbirato, ta yi wata irin gyatsa ta bututu, ta yi tsalle awa ɗan maraƙi, sannan a gindin wani tudu ta yi shiru. Shirun nan sai da ya ba ni tsoro, don na ɗauka kurma na zama.

Taubashi ya sauka, ya ɗaga kapo, ya tura tabarau bisa goshi. Ya daɗe shina kallo irin na wanda anka miƙa wa jarida a juye. Can ya ce, "Ba komi. Iska ta tay yi mata yawa."

Boka na jin haka ya diro daga baya kamar saurayi.

"Mi kac ce, yaro? Iska?"

"I, baba, iska tas shige ta da yawa."

"Na sani! Tun jiya nic ce wagga murya ba ta ƙarhe ba ta. Kai da bakinka ka ce ka buɗe mata ƙoha iska ta shiga. Wane irin iska na? Daga ina kaɗ ɗauko shi?"

"Baba, ba irin wannan iskan ba, na Abija..."

"Na bakin teku! Lahaula. Su ne masu taurin kai."

Kafin taubashi ya sake buɗe baki, tsoho ya kwance burgami. Ya ce makaɗi ya buga, makaɗi ya buga. Ya zagaya mota shina tofi, ya kira iskan duwatsu da na ƙorama su zo su yi wa baƙo magana. Mota ko motsi. Sai ya tsaya ya dafa goshi ya ce ai dole, baƙon ba ya jin Hausa. Ya nuna ni da yatsa.

"Kai ɗan lakwal, taho ka hwaɗa mishi da Nasaranci."

Ni kuwa abin nema ya samu. Na gyara riga, na sunkuya bisa karbirato, na daka tsawa irin ta mushen lakwal ɗinmu: "Ale! Sorti! Dagaje!" Boka ya ce in ƙara, ya ga alamar ya fara jin kunya. Na ƙara da duk Faransancin da na mallaka, har da kwanakin mako da waƙar tutar ƙasa. Daga nan tsoho ya kunna garwashi ya zuba turare ya kanga a bakin karbirato. Allah ya so mu babu ko ɗigon isansi a wurin, da ta sama za mu isa Madawa, kuma da mun riga kowa. Da turare bai yi ba, sai ya ɗauko gorar ruwan tsarin nan na zakara ya juye ta kaf bisa injin. Injin ya yi "cuuu", tururi ya tashi. Boka ya ja da baya ya ce, "Ga shi nan ya hita."

Taubashi ya murza makulli. Shiru.

Zakara ne, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya karyo karan dawa a bakin gona, ya buɗe tanki ya zura. Ya zaro shi ya duba. Karan ya fi lokacin da ya shiga bushewa.

Na ce, "Taubashi, ta ƙoshi da iskan, ko a ƙaro mata?"

Ya ce, "Rairayi na yac cuce mu. Da kwalta ta, da yanzu isansin ƙaruwa za shi yi."

Munka dubi bido, bido ya dube mu. Makaɗi ya ce tunda ciki guda gare ta a gwada mata furar mana. Ba wanda ya yi dariya, don inuwa ta fara karkata, kuma babu wata mota da ke bin hanyar nan in ba ranar kasuwa ba.

Mai hankali zai ce a bar motar a taka da ƙafa. Haka zakara ya ce. Amma taubashi ya rantse ba ya barin kayan Abija a daji ɓarayi su kwance. Boka kuma ya ce an riga an gaya wa duniya zakaranmu da mota zai shigo, in ya shiga Madawa a ƙasa awa mai tallan goro, kwarjininsa ya zube tun kafin a kama. Sannan taubashi ya kawo maganar da ta kashe mu:

"Wanga tudu ɗai na. In munka haye shi, gangara ta har cikin hwage."

To wa zai tura? Taubashi dole ya riƙe sitiyari. Boka ya ce hannunsa ba ya taɓa ƙarfen da iska ya fita daga ciki sai an kwana. Makaɗi ya ce shi da hannuwansa yake ci. Ni na tura, Allah ya gani, da hannu ɗaya, don ɗayan na riƙe da takalmana. Zakara ya tsaya shina huci, bai yi niyya ba. Sai shaiɗanin makaɗin nan ya haye bayan mota, ya fuskance shi, ya saki takensa. Ku da ba ku san 'yan kokowa ba, ɗan kokowa ba ya jin takensa ya tsaya. Ko gawa ce sai ta motsa yatsa. Jikin zakara ya ɗauki rawa, ya yi kururuwa, ya dafa bayan bashe da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Mota ta fara hawa tudu da mutum uku a cikinta.

"Na gaban bashe, na bayan bashe!" in ji makaɗi. "Ƙato mai ka da maza, yau ga ka ga ƙarhe! Tura, ɗan baiwa, injin Nasara ya gaza, na Adar bai gaza ba!"

Munka haye tudun. Bayansa akwai gangara kam, gajeriya, sai kuma wani tudun, wanda ya fi na farko.

"Wanga na nika nuhi," in ji taubashi ta taga. "Bayan wanga."

Bayan wancan ma akwai ƙanensa, bayan ƙanen akwai rairayi. Zakara ya shanye furar bido tas, ya ce tana warin isansi, taubashi ya ce to ka ga, yanzu kai ma ka samu. Duk sanda ya so ya miƙe ya huta, sai ganga ta ƙara zafi, ya koma ya dafa. Layunsa sunka jiƙe sharkaf, jar ƙasa ta manne mishi har ya koma kalar tukunyar da ba a gasa ba. Ni dai ina gefensa ina ba shi ƙarfin gwiwa da baki, wanda shi ma aiki ne.

Muna jin kiran la'asar daga nesa munka hango Madawa, kuma a nan ne Allah ya kawo gangarar gaskiya. Zakara ya faɗa bayan mota awa buhun albasa, ni na ɗane gefe, bashe ta silale. Motar da ta bar gari da tsawa ta shiga Madawa shiru kamar ɓarawon kaji. Da munka tunkari fage, taubashi ya ga mutanen garinmu sun miƙe suna daga hannu, kunya ta kama shi, sai ya leƙo da kai ta taga ya riƙa yin ƙarar da bakinsa: "Buuum! Burrrum!" Ta tsaya daidai bakin taro don kanta, ya ja birki da ƙarfi wai shi ya tsai da ita.

Ana cikin kiran zakara kira na ƙarshe munka sauke shi. Babu ruwan tsari, yana jikin injin. Babu turare, iskan Abija ya shaƙe. Boka ya tofa mishi yawu kawai ya ce Allah ya kiyaye. Abokin karawarsa wani ɗan saurayi ne daga Sabon Gida, wanda a ranar kirki zakara zai saka shi a hammata ya ci gaba da gaisawa da mutane.

Alƙalin wasa ya busa. Makaɗinmu ya saki take. To jikin zakara tun azahar ya koyi abu ɗaya: in wannan kiɗa ya tashi, a dafa a tura. Sai ya miƙa hannu biyu ya dafa ƙirjin yaron, ya sunkuyar da kai ƙasa, ya hau turawa. Ba kamu, ba ƙafa, ba dabara. Yaron ya yi baya, ya yi baya, idonsa ya raina fata, har sunka kusa buhunan bakin fage. Mutanenmu sunka ɗauki guɗa. Sai yaron, don tsoro ma ba don gwaninta ba, ya goce gefe. Bashe ba ta taɓa gocewa ba. Zakara ya wuce shi kaɗai, ya tafi da hannuwa a miƙe, ya kife bisa rairayi da gwiwa da goshi.

Fage ya yi tsit, sannan ya fashe. Yaron Sabon Gida ya tsaya shina duba hannuwansa, don shi kansa bai san da me ya yi kayen ba. Tawa kuwa, sai dai mu ji ta a rediyo. Zakara bai sake ɗaura walki ba, kuma har yau ƙauyenmu na jiran wanda zai kai mu can.

Tun daga ranar na riƙe abu ɗaya. In mutum ya zo maka da wani ƙarfe mai walƙiya ya ce in ka ɗaura wa motarka za ta daina shan mai, to dubi ƙafarsa ta dama kafin ka dubi ƙarfen. Yawancin isansin duniya ba inji ke shanye shi ba, kunnen direba ne da ke son a ji shi. Kuma dabarar da ba a gwada ba, kada a fara gwada ta ranar da wani ya ɗora duk abin da yake da shi a bayan motarka.

Amma taubashina bai ga haka ba. Muna zaune gefen fage, zakara na kwance rigingine bisa tamfol ana yi mishi fifita, ƙirjinsa na hawa da sauka, sai na ji taubashi a tsakiyar wasu direbobin Madawa, ya mai da tabarau, shina bugun kapo da tafin hannu.

"Ku dai ku hwaɗi gaskiya," yake ce musu. "Kaye na Allah na. Amma batun tattali, kayan Abija sun yi. Tun daga bayan Galma har cikin hwagen ga, ku tambayi kowa, ko ɗigon isansi motag ga ba ta sha ba!"

Zakara ya ɗago kai da ƙyar, rairayi na zuba daga girarsa, ya dube shi ya ce:

"Ina za ta sha isansi, ɗan banza? Ni tas sha!"